Yadda Ake Haɗa Man Shafawa a Gida da Man Kaɗe

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara busowa, za ki ga ƙafafun yara sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka, leɓe ya tsattsage, dunduniya ta soma faso. A lokacin ne kowace uwa ke neman man da zai zauna a jiki, ba wanda za a shafa da safe kafin hantsi a neme shi a rasa ba. Ni dai na daɗe da komawa ga abin da na tashi na ga kakata ta wajen uwa tana amfani da shi, Allah ya jiƙanta, wato man kaɗe. Nata a ƙoƙo yake, rufe da faifai a ƙarƙashin gado. Sai ta gutsuro, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tun daga wuya har tsakanin yatsun ƙafa. Abin da na ƙara a kan nata bai wuce na koyi sassauta shi da wasu mayukan ba, in buga shi ya yi laushi ya yi ƙamshi, yadda yara ba za su ruga ba idan sun ga an ɗauko kwalba.

Kafin ki ɗora tukunya, akwai magana ɗaya da nake so ta zauna miki, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Man shafawa iri biyu ne. Akwai wanda mai ne zalla, babu ɗigon ruwa a cikinsa. Akwai kuma mai ruwa-ruwan nan da ake zubawa a roba mai famfo, wanda muke kira loshan, shi kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Na farko yana iya yin watanni a ɗaki lafiya lau. Na biyu kuwa, idan ba a sa masa maganin hana lalacewa ba, kwana kaɗan ya ishi ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, don duk inda ruwa ya haɗu da abin ci da ɗumi, sai sun tsiro.

Ban san haka ba sai da ya faru da ni. A haɗina na farko na kankare majinar alobera ɗanya daga tukunyar da ke tsakar gida, na zuba zuma cokali biyu, na gauraya da man kaɗe. Ya yi kyau a ido. Bayan kamar kwana goma na buɗe kwalbar na ga ɗigo-ɗigon baƙi a gefen murfi, ga wani tsami-tsami yana tashi. Abin da ya fi damuna, 'yata ƙarama ta yi kwana biyu tana sosa hannu, ƙananan ƙuraje sun feso mata, ni kuma ina ta ƙara shafa mata man ina ganin magani nake yi. Tun daga ranar na raba biyun nan, ban sake haɗa su da ka ba.

Zaɓen man kaɗe

Rabin aikin a kasuwa ake gama shi. Kaɗanya ta fi yawa a jihohin Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna, haka nan arewacin Gana wajen Tamale. 'Ya'yanta na zuba ne da damina, mata su tsince su, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, a niƙa, sannan a yi ta cuɗa ƙullun da ruwa har man ya taso sama a kwashe a tafasa. Wannan suyar ce ke ba shi ɗan ƙaurin hayaƙin da kika sani, kuma ba aibu ba ne. Saboda haka sabon mai ya fi samuwa daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Idan kin je saye, kada ki ji nauyin mai kaya. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannunki. Na kirki yana narkewa da ɗumin jiki kawai, ya shige, ba ya barin gari ko tsakuwa. Ki sunsuna. Ƙaurin hayaƙi kaɗan babu komai, amma idan kika ji warin tsohon mai, irin na man gyaɗan da ya daɗe a galan, ki ajiye musu kayansu, don babu turaren da zai rufe wannan warin, kuma cikin haɗinki zai ci gaba da lalacewa. Launinsa na asali fari ne mai ɗan duhu, kamar na madara, wani lokaci da ɗan kore-kore ko rawaya kaɗan. Wanda ya yi rawaya shar galibi wani abu aka sa ya rina shi. Akwai kuma tataccen na kamfani, fari tas marar wari. Shi ma yana aiki, sai dai tacewar ta rage masa wasu abubuwan amfani, ga tsada.

Man kaɗe shi kaɗai yana da tauri, musamman da sanyi, shi ya sa ake sassauta shi. Ni na fi son man riɗi, amma ɗanye mai haske, ba na soyayyen riɗi mai duhu ba, wanda ƙamshinsa na abinci ne. Man kwakwa na sa haɗin ya yi santsi ya narke da wuri a fata. Man zaitun ma ana sawa, amma yana da nauyi, kuma ba na ba da shawararsa ga yaron da ke fama da kirci ko fata mai saurin tsagewa. Man gyaɗa kuwa na girki ne, ki bar shi a kicin, musamman idan yara za su shafa, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.

Sai kakin zuma, wanda za ki buƙata da bazara. Masu sayar da zuma na da shi. Idan saƙar da aka matse kika samu, ki zuba ta a tsohuwar tukunya da ruwa, ki ɗora a wuta kaɗan har ta narke, ki tace da ƙyalle, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ga kakin ya daskare a saman ruwan kamar faifai. Ki ɗauke, ki kankare dattin ƙasansa, ki shanya shi ya bushe sarai kafin ki yi amfani da shi.

Kayan aikin duk na kicin ne: tukunya, kwanon silba ko na tangaran da zai zauna a bakinta ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ƙyalle mai tsabta ko sabon matacin koko, cokali, abin buga ƙwai ko injin buga kek, da kwalba mai faɗin baki. Ki wanke su da sabulu da ruwan zafi, ki kife su a rana su bushe ƙarau. Idan kina da sifirit na kemis, ki goge cikin kwalbar da murfinta da shi, ki bari ya bushe da kansa.

Haɗi na farko: mai zalla

Ma'aunin da na tsaya a kai bayan gwaje-gwaje shi ne kashi huɗu na man kaɗe, kashi ɗaya na man kwakwa, kashi ɗaya na man riɗi. Da sikeli, giram 200 ke nan na man kaɗe, giram 50 na man kwakwa, giram 50 na man riɗi. Idan babu sikeli, ki ɗauki ƙaramin kofi ɗaya ki auna komai da shi, ki danna man kaɗen sosai a ciki kada ya bar rami. Wannan zai ishi gida mai yara uku ko huɗu na wasu makonni. Kada ki fara da mai yawa.

Da farko ki zuba ruwa a tukunya kamar tsawon yatsa biyu, ki ɗora a wuta. Idan ya fara zafi sai ki rage wutar, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar, ki yayyanka man kaɗen ƙanana ki zuba. Tururi ne zai narkar da shi. Kada ki ɗora mai kai tsaye a kan wuta kamar za ki soya ƙosai. Zai ƙone, ya canza wari, amfaninsa ya ragu. Ki kula kuma kada ruwan ya yi tafasar da zai fantsamo cikin kwanon.

Idan ya narke duka ya zama kamar man gyaɗa, ki bar shi a kan tururin na ƙarin minti goma, kina juyawa a hankali. Wannan jinkirin yana da dalili, zan zo kansa. Daga nan ki shimfiɗa ƙyallen a kan wani busasshen kwano ki tace. Za ki yi mamakin abin da zai tsaya a ƙyallen: ɓawon kaɗanya, toka, wani lokaci har da ɗan yashi. Idan kin lura da ruwa ya kwanta a ƙasan kwanon farko, ki tsiyaye man a hankali ki bar ruwan a baya, ko da za ki yi asarar cokali guda na mai.

Yanzu ki zuba man kwakwa, zafin man kaɗen ya isa ya narkar da shi. Ki bi da man riɗi, ki juya. Ki goge ƙasan kwanon da tawul kada ɗigon tururi ya bi hannunki ya koma ciki.

Sai sanyayawa, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu. Man kaɗe ya ƙunshi nau'in kitse fiye da ɗaya, kuma ba lokaci guda suke daskarewa ba. Idan aka bar shi ya huce a hankali a ɗaki mai ɗumi, wani ɓangaren sai ya riga wani daskarewa, ya dunƙule ƙanana-ƙanana, ki ji shi a hannu kamar tsaki. Abin da ke hana haka shi ne a narkar da shi sosai, shi ya sa na ce ki ƙara minti goma, sannan a sanyaya shi da sauri. Idan akwai wuta, ki rufe kwanon ki sa a firji na kamar minti 30 zuwa 45. Idan babu, ki sayi ƙanƙara ki fasa a babbar roba da ruwa kaɗan, ki dasa kwanon a ciki kina juyawa. Da hunturu, ruwan randa da ya kwana a waje ma yana yi, idan kina canza shi.

Abin da kike jira shi ne gefe-gefen ya daskare ya yi fari, tsakiyar kuma ta yi kauri kamar kindirmo, yadda idan kin dangwala cokali zai bar gurbi. Idan ya yi ruwa da yawa ba zai bugu ba. Idan ya daskare kamar sabulu, ki fito da shi ya ɗan saki.

A wannan gaɓar ake sa ƙananan abubuwa. Ki huda ƙwayar bitamin E guda biyu ko uku ki matse a ciki. Aikinsa shi ne jinkirta warin tsufan mai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kada wani ya ce miki yana yi. Idan ba kya son maiƙo ya yi ta ƙyalli a jiki, ki tankaɗe garin sitacin masara, wanda ake kaurara miya da shi, cokalin shayi ɗaya zuwa biyu, ki barbaɗa. Turare kuma sai mai mai, wato madarar turare irin su sandal ko miski, kuma kada ya wuce rabin cokalin shayi a wannan ma'aunin. Humra da turaren fesawa ba na cikin kwalba ba ne, saboda yawancinsu akwai ruwa ko sinadarin da ke busar da fata. Ki shafa su daban bayan kin gama.

Sai bugu. Da inji, minti biyar zuwa goma ya isa, ki fara a hankali sannan ki ƙara gudu. Da abin buga ƙwai na hannu ko maburgi, ki shirya wa minti ashirin zuwa talatin, kuma ya fi sauƙi idan ku biyu ne kuna karɓa-karɓa. Za ki ga launin yana washewa daga ruwan madara zuwa fari, yawansa na ƙaruwa, har ya tsaya a jikin cokali idan kin ɗaga. Idan ya fara narkewa a tsakiyar aiki saboda zafin ɗaki, ki mayar da shi kan ƙanƙara na minti biyar ki ci gaba. Ki kwashe da busasshen cokali zuwa kwalba, kada ki danna shi da ƙarfi, ki rufe. Ki manna takarda ki rubuta ranar da kika haɗa. Idan mayukan sababbi ne kuma ruwa bai shiga ba, yana kai wata shida.

Ma'aunin nan ba ya zama ɗaya duk shekara, kuma wannan ne abin da ba a cika faɗa ba. Man kwakwa na narkewa tun daga digiri 24, man kaɗe kuma na sakin jiki da zafin da bai wuce na jikin mutum ba sosai. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu zafi na kai digiri 40 har ya wuce. Kwalbar da kika buga ta yi fam kamar auduga, rana ɗaya a kan taga sai ki tarar ta koma ruwa. Don haka da bazara nakan rage man kwakwa zuwa rabi, in sa kakin zuma giram 15 zuwa 20. Kakin sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, shi ya sa yake riƙe haɗin. Shi za ki fara sawa a kwano ya narke kafin man kaɗe. Da tsakiyar hunturu kuwa akasin haka ake yi: babu kaki, a ƙara man riɗi zuwa giram 80, in ba haka ba da asuba sai kin sa ƙarfi kafin ki lakato.

Idan ya narke ya sake daskarewa, ko ya yi tsaki-tsaki, bai lalace ba. Ki mayar da shi kan tururi, ki sanyaya da sauri, ki sake bugawa.

Masu son man karas ko na zogale a ciki, ƙa'idar ba ta canza ba. Ki goge karas ɗin, ki shanya shi a inuwa har ya bushe ƙayau yana karyewa, haka ganyen zogalen. Ki zuba a man riɗin, ki ɗora a kan tururi mai rauni na kamar awa ɗaya, ki tace sosai. Wannan man ne za ki auna a matsayin man riɗinki. Ɗanyen karas ko ɗanyen ganye ruwa ne a ɓoye.

Haɗi na biyu: loshan

Wasu ba sa son nauyin mai zalla, musamman da damina da lokacin gumi. Loshan ya fi shiga jiki da sauri. Ana iya yin sa a gida, amma gaskiyar magana ba zai yiwu da kayan kicin kaɗai ba. Ruwa da mai ba sa haɗuwa sai da mai shiga tsakani. Shi ne wani kaki fari mai kama da ƙwayar shinkafa ko ɓarzajjen kyandir, wanda masu shagon kayan haɗa sabulu ke kira imalsifayin wakis. Kakin zuma ba ya maye gurbinsa, na gwada, washegari ruwa ya koma ƙasa mai ya hau sama. Sai kuma maganin hana lalacewa, wanda suke kira firizabatib. Waɗannan biyun daga masana'anta suke fitowa. Wadda ta ƙudurta ba ta son komai sai na gargajiya tsantsa, ta tsaya a haɗi na farko, ya wadatar.

A nan kofi da cokali ba sa aiki, sai ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, da ma'aunin zafi irin na masu yin kek. Don loshan giram 200, ki auna ruwa giram 140, gilisarin giram 8, man kaɗe da kika riga kika tace giram 16, man riɗi giram 22, kakin haɗi giram 12, sai maganin hana lalacewa giram 2. Wannan na ƙarshen ya danganta da irin wanda kika samu. Fenoksi'etanol ba ya wuce kashi 1 cikin 100, wani irin kuma, kamar Liquid Germall Plus, rabin haka ne iyakarsa. Ki bi abin da aka rubuta a jikin robarsa, idan kuma babu rubutu kada ki saya. Ruwan kuwa ki nemi tataccen ruwa na kemis, wanda aka samar daga tururi. Kada ki karɓi ruwan batir daga wurin masu gyaran mota da sunan ai duk ɗaya ne.

Ki goge komai da sifirit, har da kan injin da za ki buga da shi. Ki ɗaure kanki, ki wanke hannu. Ki ɗauki kwano biyu. A na farko ki zuba ruwa da gilisarin, ki auna nauyin kwanon gaba ɗaya ki rubuta. A na biyu ki zuba man kaɗe da man riɗi da kakin haɗi. Ki dasa su duka a cikin ruwan zafi a faffaɗar tukunya har kowanne ya kai digiri 70, ki riƙe su a haka na minti 20. Sai ki sake auna kwanon ruwan, abin da ya tafi a tururi ki cike shi da tafasasshen ruwan kemis ɗin.

Ki sauke su, ki tsiyaya ruwan cikin man a hankali kina bugawa. Nan take zai koma fari kamar madara, kuma wannan lokacin yana da daɗin kallo. Injin markaɗe na hannu, mai tsawon nan da ake tsomawa cikin kwano, shi ya fi dacewa. Ki buga minti biyu zuwa uku, ki huta minti biyar, ki sake, kina yi kan injin na nutse a ciki don kada iska ta cika shi da kumfa. Haka za ki yi ta yi har ya huce ya sauko ƙasa da digiri 45. A nan ne za ki zuba maganin hana lalacewa, da turare idan kina so, kada ya wuce giram 1 zuwa 2, ki juya sosai na minti guda. Idan kika sa maganin da zafi, wani irin ƙarfinsa na mutuwa.

Ki ɗura a roba mai famfo tun yana da ruwa-ruwa, amma kada ki rufe sai ya huce gaba ɗaya, ki ɗora tishu mai tsabta a bakin. Idan kika rufe da ɗumi, gumi zai taru a murfi, kuma a wannan gumin fumfuna ke farawa. Kada ki damu idan kin ga bai yi kauri ba, sai ya kwana yake kama jikinsa. Ki yi amfani da shi cikin wata uku. Da zarar kin ga launi ya canza, ko wari, ko ruwa ya rabu, ko robar ta kumbura, ki zubar, kada ki yi tunanin kuɗin da kika kashe. Idan kuwa ba ki samu maganin hana lalacewa ba, ki yi kaɗan wanda zai ƙare cikin kwana uku zuwa huɗu a firji, kuma da yanayin wutarmu, yau akwai gobe babu, ni ba na yarda da wannan hanyar ga yara.

Abin da ba na sawa, kuma nake roƙon kada ki sa

Na san za a tambaya, to me za a ƙara don ya sa haske? Man nan ba na bilicin ba ne. Fatar da ta sha mai ta daina bushewa tana yin sheƙi da kanta, launinta ya daidaita, kuma wannan shi ne hasken da zan iya yi miki alkawari. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake matse tib na magani cikin man kaɗe, a zuba wasu ruwaye marasa suna, a liƙa takarda a kira shi oganik. Yawancin tib ɗin nan magungunan sitiroyid ne da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki don wata cuta ta fata. Idan aka mayar da su man kullum, fata na yin siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito jajaye a cinya da damtse, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Wasu mayukan hasken akwai haidirokwinon mai yawa, wasu har da sinadarin makuri da ke taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Na ga amaryar da aka yi wa irin wannan haɗin wata biyu kafin biki, ta yi fari kamar yadda ake so, bayan shekara guda kumatunta suka ƙone suka yi duhun da ya fi na da. Garin neman gira aka rasa ido. Mafi muni shi ne masu shafa wa jarirai, Allah ya shirye mu.

Ruwan lemon tsami ma ki bar shi. Ruwa ne, zai ɓata haɗin, kuma idan ya zauna a fata aka shiga rana yana iya ƙona ta ya bar tabo. Madara, ƙwai, zuma, ruwan kokwamba, duk waɗannan idan kina son su ki kwaɓa na lokaci ɗaya ki shafa ki wanke, ba a ajiye su a kwalba.

Yadda ake shafawa

Kafin kowa ya shafa a jiki duka, ki gwada kaɗan a cikin gwiwar hannu, ki bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Idan babu ja, babu ƙaiƙayi, sai a ci gaba.

Mai zalla ba ya kawo ruwa cikin fata, tsare wanda ke ciki yake yi. Shi ya sa lokacinsa shi ne da an fito daga wanka, an ɗan tsane jiki da tawul amma da sauran laima. Ki lakato kamar ƙwayar gyaɗa biyu, ki murza a tafi ya narke, ki bi ƙafa ɗaya da shi. Idan bayan minti goma jiki na ta maiƙo, ya yi yawa. Hannun da zai shiga kwalba kuwa ya zama busasshe, ko ki ajiye ƙaramin cokali don ɗiba, kuma kada kwalbar ta zauna a banɗaki. Nakan raba nawa biyu, babbar kwalba a cikin sif inda rana ba ta kaiwa, ƙaramar kuma kusa da sallaya, saboda da hunturu hannu da ƙafa sun fi tsagewa bayan alwala idan iska ta busar da su.

Ga mai faso, da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti goma, ki goge kaushin da dutsen goge ƙafa a hankali, ki tsane, ki cika tsagar da mai, ki sa safa ki kwana da ita. Mako ɗaya a jere za ki ga bambanci. Mai ciwon suga dai kada ta kankare ƙafarta, kuma idan tsagar ta yi zurfi ko tana ruwa, asibiti za ta nufa.

Fuska daban take. Idan kina yawan fitar da ƙuraje, man kwakwa na iya toshe ƙofofin gashi ya ƙara su, don haka ki ware ɗan haɗi na man kaɗe da man riɗi kawai, ki riƙa shafa kaɗan da dare. Kuma man nan ba ya kare fata daga zafin rana yadda man kariya na musamman ke yi.

Jariri kuwa, man kaɗen da kika tace shi kaɗai ya ishe shi, babu turare, babu sitaci. Kada a kai shi kan cibiyar da ba ta faɗi ta warke ba. Cibiya maganinta kilohekzidin ne da ake bayarwa a asibiti. Idan kin ga kirci na yaɗuwa, ko makero, ko ƙurji mai ruwa, ki dakatar da shafa komai ki kai shi a duba, don mai na iya rufe abin ya ƙara masa ƙarfi.

Idan hannunki ya faɗa har maƙwabta suka fara cewa ki sayar musu, ki fara da mai zalla, shi ya fi aminci a hannun wanda ba ki san yadda zai ajiye shi ba. Ki rubuta duk abin da ke ciki a jikin kwalbar, da ranar haɗawa, saboda mai jikin da ba ya karɓar riɗi ko kwakwa ta sani tun kafin ta shafa. Ki ajiye littafi kina rubuta ma'aunin kowane haɗi da inda kika sayo man kaɗen, ki kuma riƙa ware ɗan kaɗan daga kowane zubi a ƙaramar kwalba kina duba shi duk mako. Ranar da kika yi niyyar kai shi shaguna da suna da tambari, sai kin bi ta NAFDAC an yi masa rajista tukuna.